Goshi, ƙeya ko gudu: dabarar da mai ƙaramin jirgi zai zaɓa kafin guguwar teku ta same shi

Duk wanda zai tsallaka teku da ƙaramin jirgi mai filafilai, irin mai tsawon mita 9 zuwa 12, akwai shawarar da ya kamata ya yanke tun jirgin yana ɗaure a tasha. Idan guguwa ta fi ƙarfin tafiya, wane ɓangare na jirgin zai ba raƙuman ruwa, goshi ko ƙeya? Da me kuma zai riƙe shi a haka har ta lafa? Amsar da ya bayar ita za ta nuna masa kayan da zai saya, da inda zai ƙarfafa a jikin jirgin, da abin da zai gwada tun teku yana kwance. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iska kaɗai ba ta cika kifar da irin wannan jirgi ba. Ana iya rage filafilai, ana iya naɗe su gaba ɗaya a bar jigo, wato doguwar sandar da ke riƙe filafilai, tsirara, ga kuma kil, wato faifan dalma ko ƙarfe da ke rataye a ƙarƙashin jirgi, yana tayar da shi duk lokacin da ya kwanta. Abin tsoro shi ne raƙumin ruwa mai karyewa, wanda ya miƙe tsaye har kansa ya rinjaye shi, ya zubo a guje da ruwa mai nauyin tan-tan. A shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila sun gwada ƙananan samfuran jirage a tankin gwaji. Suka ga cewa raƙumi mai karyewa da tsayinsa ya kai kashi 30 cikin 100 na tsawon jirgi yana iya kifar da wasu jiragen idan ya same su ta kwiɓi, idan kuwa ya kai wajen kashi 60, babu samfurin da ya tsira. Ga jirgi mai mita 10, maganar mita 3 ke nan zuwa mita 6. Wannan ba wani tsayi ba ne a tsakiyar teku. Saboda haka duk dabarun da za mu gwama a nan manufarsu guda ce, kada kwiɓin jirgi ya fuskanci raƙumin da zai karye.

Yawancin abin da aka sani a kan wannan batu da rayukan mutane aka saye shi. Ranar 11 ga Agusta 1979 jirage 303 suka tashi daga Cowes a kudancin Ingila domin gasar Fastnet, tafiyar wajen kilomita 1,100 zuwa wani dutse a kudancin Ailan a kewayo zuwa Plymouth. Daren 13 wayewar 14 ga wata guguwa ta rutsa da su a tsakanin ƙasashen biyu, da iskar mataki na 10 a ma'aunin Beaufort, wato kilomita 89 zuwa 102 a awa. Daga baya iskar ta juya daga kudu maso yamma zuwa arewa maso yamma, sababbin raƙuma suka hau kan tsofaffi, ruwan ya rikice ta ko'ina. 'Yan gasa 15 suka rasu. Aka bar jirage 24 a teku, waɗanda suka kai ƙarshen gasar ba su cika 90 ba. Cikin jiragen da suka amsa tambayoyin kwamitin bincike, kusan rabi sun ce ruwa ya kwantar da su har jigo ya taɓa teku, kashi ɗaya cikin uku kuma sun wuce nan, jigo ya nutse ko jirgin ya mirgina gaba ɗaya. Kwamitin bai sami wata dabara guda da za a ce ita ce magani ba, amma ya lura cewa waɗanda suka riƙe ɗan gudu da ikon juya jirginsu sun fi tsira a kan waɗanda suka bar shi ga ruwa.

Sakin jirgi

Bari in fara kawar da wadda ba na ba kowa shawararta. Ita ce a sauke filafilai duka, a ɗaure sitiyari, a shige ciki a rufe ƙofa, a bar jirgi ya nemi kwanciyarsa. Tana da jan hankali ga wanda ya gaji, amai ya galabaitar da shi, sanyi ya kama hannuwansa. Matsalar ita ce kusan kowane jirgi da aka saki haka kwiɓi yake ba raƙuma. Muddin ba su fara karyewa ba, lafiya lau, jirgin zai yi ta tangaɗi ne kawai. Ranar da suka fara, ka riga ka miƙa musu wurin da suke nema. Miles da Beryl Smeeton sun gwada ta a Disambar 1957 da jirginsu Tzu Hang mai mita 14, a yammacin gaɓar Chile. Raƙumi guda ya mirgina shi ya karya jigayensa, da kyar suka lallaɓa zuwa tasha.

Turjiya

Wannan ita ce tsohuwar dabara, kuma ba ta buƙatar ka sayi komai. Ana rage babban filafili sosai, a sa ƙaramin filafilin guguwa a goshi. Sai a juya goshin jirgi ya ratsa iska kamar za a sauya gefen da iska ke bugun jirgi, amma ba a saki igiyar filafilin goshi ba. Iska sai ta cika shi ta baya tana tura goshi gefe, babban filafili yana son tura jirgin gaba, sitiyari kuma an murɗa shi wajen iska an ɗaure. Ƙarfin nan suna cin juna, jirgin ya tsaya a karkace, goshinsa wajen digiri 45 zuwa 60 daga inda iska ke fitowa, yana zamewa gefe a hankali da gudun kilomita 2 zuwa 3 a awa.

Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamakin yadda al'amari ke sauyawa cikin minti ɗaya. Jirgin da ɗazu yake dukan ruwa da ƙirji, kwanuka na zubowa daga kanta, sai ya koma hawa da sauka a natse. Ana iya ɗora butar shayi a murhu, a sauya jiƙaƙƙun kaya, mutum ɗaya ya kwanta ɗaya ya yi gadi. Idan ka leƙa ta gefen da iska ke fitowa, za ka ga wani fili a kan ruwa mai santsi, yana ɗan juyawa a hankali, wanda kil ya bari yayin da jirgin ke zamewa. Raƙuma kan rage kaifi idan sun shigo cikinsa. Akwai gwaji mai sauƙi na sanin ko kana bayan wannan fili: jefa jiƙaƙƙiyar takarda a ruwa ta gefen iska. In ta yi ta nisa daidai inda iska ke fitowa, ka zauna daidai. In ta koma ta bayan jirgi, kana tafiya gaba ke nan, kana fita daga kariyarka, sai ka ƙara rage filafili.

Lin da Larry Pardey, mata da miji da suka kewaya duniya da ƙananan jiragen katako marasa inji, su ne suka fi kowa kare wannan dabara a zamaninmu. Sai dai a dubi irin jiragensu: masu nauyi, masu dogon kil da ya bi kusan tsawon jirgin. Irin wannan jirgi yana turjewa kamar don haka aka ƙera shi. Jiragen roba na yanzu marasa nauyi, masu siririn kil da faffaɗar ƙeya, da yawansu ba sa zama. Goshi ya faɗi ya ba da kwiɓi, jirgin ya ɗauki gudu, ya sake haurowa, ya sake faɗuwa. Kuma ko jirgin kirki ne, turjiya tana da iyaka. A Janairun 2011 Jeanne Socrates, 'yar Birtaniya da daga baya ta kewaya duniya ita kaɗai ba tsayawa tana da shekara 77, tana turje a yammacin Cape Horn, a ƙarshen kudu na nahiyar Amurka ta Kudu, raƙumi ya kwantar da jirginta Nereida, ya karya sandar ƙasan babban filafili. A ganina turjiya dabarar iskar mataki na 8 zuwa 9 ce, ta hutawa da jiran gari ya waye kafin a shiga tashar da ba a sani ba. Kowa ya kamata ya iya ta. Amma kada mutum ya dogara da ita kaɗai a ce da ita zai fuskanci kowace irin guguwa.

A ci gaba da tuƙi

Masu gasa wannan suka fi yarda da ita, kuma suna da hujja. A gasar 1979, cikin jirage 58 na rukunin ƙanana, guda ɗaya tak ya kai ƙarshe, Assent mai ƙasa da mita 10, wanda wani saurayi ɗan shekara 23, Alan Ker, ya jagoranta. Bai tsaya ba. Ya rage filafilai ya ci gaba da hawa raƙuma a karkace, goshi wajen iska. Haka aka sake gani a gasar Sidni zuwa Hobart ta Ostireliya a Disambar 1998, inda jirage 115 suka tashi, 44 suka isa, mutum 6 suka rasu, aka ceto 55. A can iska ce ta yi karo da ruwan da ke gudu kudu a gaɓar gabashin ƙasar, ga kuma rashin zurfin mashigin Bass da ke tsakanin babban yankin ƙasar da tsibirin Tasmaniya, raƙuma suka miƙe kamar bango. AFR Midnight Rambler, jirgi mai ƙasa da mita 11 da mutum 7 a ciki, ya ratsa guguwar da filafilin guguwa, matuƙa suna karɓa-karɓa, har ya lashe gasar bisa lissafin girman jirage. Sword of Orion kuwa, wanda ya fi shi girma, ya janye daga gasar ya juya baya, bayan juyawar ne raƙumi ya mirgina shi, ruwa ya tafi da Glyn Charles, ɗan wasan Olamfik na Birtaniya da ke riƙe da sitiyari.

Yadda ake yi shi ne matuƙi ya zuba wa kowane raƙumi ido. Ya hau shi da ɗan gudu, ya karkato goshi gare shi dab da ƙololuwa, da ya haye ya kauce kaɗan don kada jirgin ya faɗa rami ta bayansa. Raƙumi bayan raƙumi, awa bayan awa, ruwan gishiri na dukan fuska. Da rana ma aiki ne, balle da dare da sai dai kunne da farin kumfa.

Ɗaya fuskar tuƙin ita ce a juya wa iska baya a gudu a gabanta. Nan take ƙarfin iskar da ake ji a jirgi ya ragu, dukan ruwa ya yi sauƙi. Haɗarin yana cikin gudun kansa. Raƙuman guguwa na tafiya da gudun da ya haura kilomita 40 a awa, jirgi mai mita 10 kuwa iyakarsa ta yau da kullum wajen 13 ce. Raƙumi zai cim masa ta baya, ya ɗaga ƙeyarsa, ya gangaro da shi. Wanda ya taɓa ganin tirela ɗauke da kaya tana saukowa Hawan Kibo birki ya ƙi, ya san abin da nake nufi. Ko dai jirgin ya ƙwace ya ba da kwiɓi a tsakiyar gangara, ko goshi ya nutse a gindin raƙumin gaba, ƙeya ta tashi sama, ya yi adungure. Abin da ya sami Tzu Hang ke nan a karonsa na farko, ranar 14 ga Fabrairu 1957, yana gudu ba filafili yana jan doguwar igiya a baya. Ruwa ya yi jifa da Beryl Smeeton daga kan sitiyari, ƙashin kafaɗarta ya karye, a haka ta yi iyo ta komo jirgin.

Bernard Moitessier, Bafaranshe, ya bi ta wata hanyar a ƙarshen 1965, a tafiyarsa daga Tahiti zuwa Alicante ta Sifen tare da matarsa Françoise. Da farko ya ja igiyoyi masu nauyin ƙarfe a baya don rage gudu. Da ya ga suna hana jirgin amsa sitiyari, sai ya yanke su duka, ya bar jirginsa Joshua ya gudu yana karɓar kowane raƙumi a ɗan karkace, digiri 15 zuwa 20, yadda Vito Dumas na Ajantina ya yi kafin shi. Ya tsira. Amma Joshua jirgin ƙarfe ne mai mita 12, da wurin tuƙi daga ciki, matuƙinsa kuma tun yana yaro yake kan ruwa.

To, tuƙi yana aiki, ba musu. Abin tambaya shi ne wa zai yi shi. Jirgi mai ƙwararrun matuƙa uku ko huɗu zai iya. Mata da miji su biyu, ɗaya yana kwance da jiri da amai, ba za su yi awa 30 a haka ba, kuma kuskure ɗaya na gajiyayyen hannu ya isa. Gudu kuma yana cin fili: jirgin da ke yin kilomita 11 a awa zai ci sama da 250 a yini da kwana. In akwai gaɓa a gabanka, ita kake nufa.

Laima a goshi ko mazurarai a ƙeya

A nan ne zaɓin sayen kaya yake, a nan kuma masu jirage suka fi jayayya. Dukansu biyu ja ne da ake jefawa a ruwa don ya riƙe jirgi ba tare da kowa yana tuƙi ba, amma aikinsu ya sha bamban.

Ankar laima kamar laimar da ake dirowa da ita daga jirgin sama take, faɗinta wajen mita 4 ga jirgi mai mita 10. Ana sakinta ta goshi da igiyar nailan mai tsawon mita 100 ko fiye. Idan ta buɗe a ƙarƙashin ruwa, kusan tsayar da jirgin take yi cak. Babban amfaninta ke nan: in gaɓa tana bayanka, laima za ta saya maka lokacin da babu abin da zai saya maka. Goshi kuma shi ne ɓangaren da aka ƙera don ya sha ruwa. Masu jirage masu gangar jiki biyu, wato masu kama da kwale-kwale biyu da aka haɗa gefe da gefe, suna jin daɗinta, domin faɗin jirginsu yana ba su damar ɗaura igiya a goshi biyu, jirgin ya fuskanci iska sak. Jiragen kamun kifi ma sun daɗe suna kwana a kanta.

Ga jirgi mai gangar jiki ɗaya, labarin ya bambanta. Jigo da naɗaɗɗen filafili suna gaba, ƙasan goshi ba shi da zurfi, don haka iska kullum so take ta kawar da goshin gefe. Jirgin sai ya yi ta lilo dama da hagu a kan igiya. Lokacin da laima da jirgi suke wurare daban-daban a jikin raƙuma, igiya kan saki, kafin ta sake ɗaurewa raƙumi na iya jefa jirgin da baya, nauyinsa duka ya sauka a kan allon juya jirgi da ke ƙarƙashin ƙeya, wanda ba a yi shi don haka ba. Ga gogayya: igiyar da ke miƙewa tana komawa a bakin ƙarfen goshi tana iya cinyewa cikin 'yan awoyi, gyaranta kuma sai mutum ya rarrafa zuwa goshi, wuri mafi haɗari a jirgin. Su Pardey sun rage wannan matsala ta hanyar ƙara igiya ta biyu daga gefe, wadda ke riƙe jirgin a karkace wajen digiri 50 kamar yana turje. Dabara ce mai kyau, amma saita ta a cikin guguwa sai wanda ya gwada ta sau da yawa.

Igiyar mazurarai kuwa daga masifar 1979 ta samo asali. Donald Jordan, injiniyan jiragen sama Ba'amurke, ya zauna ya yi nazarin yadda raƙumi ke kifar da jirgi, ya yi gwaje-gwaje tare da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, aka fitar da rahoton a 1987. Bai yi rajistar mallakar fasahar ba, ya bar wa kowa, shi ya sa har yau mutane ke ɗinka tasu a gida. Doguwar igiya ce ta wajen mita 90 zuwa 100, an jera mata ƙananan mazurarai na yadi mai ƙarfi, kowanne faɗin bakinsa wajen santimita 13, guda 100 zuwa sama gwargwadon nauyin jirgi. A ƙarshenta akwai guntuwar sarƙa da ke nutsar da ita. Ana ɗaura ta da igiya mai reshe biyu a kusurwoyin ƙeya.

Hikimar tana cikin yawan mazuraran. Ja guda babba yana iya fitowa daga jikin raƙumi ya yi tsalle a kan ruwa daidai lokacin da ake buƙatarsa. Guda ɗari ba za su fito tare ba. Sarƙar tana sa igiyar ta lanƙwasa ƙasa, saboda haka idan raƙumi ya ɗauki jirgin, igiyar tana miƙewa ne a hankali, mazurarai suna kama ruwa ɗaya bayan ɗaya, riƙon yana ƙaruwa ba tare da fizga ba. Daga cikin jirgi abin da ake ji shi ne a ɗaga ka, a tura ka gaba, sai wani abu ya riƙe ka a hankali ta baya, raƙumin ya wuce ta ƙarƙashinka da rugugi. Sannan jirgi mai gangar jiki ɗaya da kansa yake son juya wa iska baya, ba ya lilo yadda yake yi a kan laima. Ba a tuƙi. An ɗaure sitiyari a tsakiya, kowa yana ciki a kwance, ƙofa a rufe. Rahoton 1987 ɗin ya fifita wannan a kan ja ta goshi ga irin waɗannan jirage.

Tana da nata farashin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Na ɗaya, ƙeya ce ke shan duka. Ruwa zai cika mazaunin matuƙi, saboda haka dole magudanansa su zama manya, allunan ƙofar shiga ciki su zama masu kauri da sakata ciki da waje. Jirgi mai faffaɗar ƙofar gilashi a baya bai dace da ita ba. Na biyu, jan da raƙumi mafi muni zai yi yana iya haura rabin nauyin jirgin. Ƙugiyoyin ɗaure jirgi a tasha ba za su ɗauka ba, sai an kafa faifan ƙarfe na musamman a kowace kusurwa, da kusoshin da suka ratsa jikin jirgin. Na uku, ba tsayawa ake ba, ana zamewa da gudun kilomita 3 zuwa 4 a awa, wato kilomita 72 zuwa 96 a yini da kwana. Na huɗu, ɗauko ta wahala ce ta gaske. Ba a iya jawo ta sai iska ta faɗi, kuma aikin awa ɗaya ne ko fiye, ana jan abin da ya saki duk lokacin da ƙeya ta sauka, a riƙe idan ta hau.

Kuma igiya igiya ce, tana tsinkewa. A gasar Golden Globe ta 2018, ta masu kewaya duniya su kaɗai, Susie Goodall 'yar Birtaniya tana kan irin wannan igiya a kudancin Tekun Fasifik, wajen kilomita 3,700 yamma da Cape Horn, ranar 5 ga Disamba. Igiyar ta tsinke, jirgin ya yi adungure, jigo ya tafi. Bayan kwana biyu wani jirgin dakon kaya mai suna Tian Fu ya ɗauke ta. Masu sukar mazurarai suna kafa hujja da wannan, suna ƙarawa da cewa Jean-Luc Van Den Heede, dattijo ɗan shekara 73 da ya lashe gasar, gudu ya yi ta yi da ɗan filafili a goshi. Gaskiya ne. Amma shi ma ruwa ya kwantar da shi a Nuwamba har maɗaurin jigonsa ya lalace, kuma mutum ne da ya riga ya kewaya duniya sau da dama. Ni abin da na ɗauka daga labarin Goodall shi ne a duba kaurin igiya da kowane ƙulli da mahaɗi, domin jirgin ya kife ne bayan ta rabu da shi. A wannan kakar kuma, a waɗannan tekunan, Bajamushiya Susanne Huber-Curphey ta kewaya ita kaɗai da jirginta Nehaj tana jefa mazurarai idan guguwa ta tsananta, ta fita lafiya.

Wa zai ɗauki wacce

Idan ku biyu ne ko kai kaɗai, jirginku mai gangar jiki ɗaya ne, kuma tsakiyar teku za ku shiga inda gaɓa ke da nisan kwanaki, ni igiyar mazurarai zan ce ku saya, ku kuma kashe kuɗin kafa mata maɗauri da gyaran ƙofa. Dalilina shi ne ita kaɗai ce ba ta dogara da ƙarfin mutum ba bayan an jefa ta, alhali ƙarfin mutum ne ke fara ƙarewa. Turjiya ta zama matakin farko. Da ka ga kawunan raƙuma sun fara zubowa, ko jirgin ya fara faɗuwa yana ba da kwiɓi, a sauke filafilai a juya a jefa igiya, tun da sauran haske da sauran ƙarfi a hannu. Juyawar ma a yi ta da lura, a jira manyan raƙuma su wuce, domin a tsakiyarta dole kwiɓi ya fuskance su na ɗan lokaci.

Idan kuna da yawa kuma akwai matuƙa na gaske, ku tuƙa, musamman idan hasashen yanayi ya nuna inda za a bi a fita daga bakin guguwar. Idan jirgin mai gangar jiki biyu ne, laima da mazurarai duk suna yi masa aiki, filin da ke bayanka ne zai raba gardama. Idan kuwa tafiyarka ta bin gaɓa ce, inda iska za ta iya tura ka kan duwatsu cikin awa 10, mazurarai ba su da amfani a gare ka. Abin da kake buƙata shi ne filafilan guguwa masu kyau, da inji mai lafiya da tankin mai mai tsabta, don ka haɗa ɗan filafili da inji ka riƙe goshi wajen iska kana nisantar ƙasa. Laima tana iya zama ajiya. Kada kuma tsoro ya kai ka bakin tashar da ba ta da zurfi, domin a nan raƙuma suka fi karyewa.

Wata 'yar magana ga masu kwale-kwale a Kogin Kwara da tafkin Kainji da Tafkin Chadi: waɗannan dabaru ba naku ba ne. An yi su ne don jirgi mai rufi da kil, wanda zai kife ya tashi, a tekun da ke da filin kwanaki. Hadarin farkon damina da ke tasowa daga gabas gajere ne, maganinsa a nemi gaɓa tun ana hango shi, a rage lodi, kowa ya sa rigar ruwa. Abu ɗaya da ya haɗa ku da su shi ne kada a ba raƙumi kwiɓi.

Saura maganar barin jirgi, wadda ita ma zaɓi ce da ake yi a tsakiyar guguwa. Cikin jirage 24 da aka bari a 1979, guda 5 ne suka nutse, 19 an same su suna yawo a kan ruwa aka jawo su tasha. Mutum 7 daga cikin 15 da suka rasu sun rasu ne bayan sun koma kwale-kwalen ceto na roba, kuma jiragen da suka bari duk an same su ba su nutse ba. Gudun gara aka faɗa gidan zago. Ba na ganin laifinsu, domin cikin jirgin da ya mirgina ba wurin zama ba ne: ruwa har gwiwa, batir da murhu da gwangwanaye sun tashi sun raunata mutane, duhu, ga ƙarar karyayyen jigo yana dukan jikin jirgi. Shi ya sa kafin tafiya ake ɗaure batir da murhu da allunan daɓe yadda ko jirgin ya kife ba za su motsa ba, a tanadi abin yanke wayoyin jigo, da famfon hannu da ake iya bugawa daga ciki, kowa kuma ya ɗaura ɗamarar tsaro ya maƙala ta tun kafin ya fito daga ƙofa. Kwale-kwalen roba na ranar da jirgi ke nutsewa ne da gaske ko ya kama wuta, kamar jirgin nan mai suna Winston Churchill a gasar Sidni zuwa Hobart ta 1998, wanda ruwa ya fasa shi ya nutse, mutum 9 suka shiga kwale-kwale biyu, aka ceto 6.